Ranar da Na Hau Bishiyar Bedi da Rautar Kawu

Ba zan taɓa mantawa da hutun da na yi a shagon kwamfuta na Kawu Sani a Dutsin-Ma ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, 'yan layin nan ba za su bar ni ba. Har yanzu in na wuce, masu shayi kan ɗaga kai su kalli sama, wai ko na sauko.

A makarantarmu ta Kurfi, Injiniya ake ce mini. Asalin sunan kuwa, wayar malamin lissafi ce ta ƙame, na kashe ta na kunna, ta tashi. Shi ke nan ilimin da nake da shi, amma na riƙa tafiya kamar ni na ƙera jirgin sama. Da wannan girman kan na isa shagon Kawu.

Shagon yana da wata cuta da ta hana Kawu cin tuwo da daɗi. Ana cikin aiki sai intanet ya ɗauke. Rauta, wato ɗan akwatin da ke raba intanet, fitilunta duk kore shar, data kuma akwai, amma ka buɗe sabon shafi sai abin nan ya yi ta juyawa har ya gaji ya ce bai gane sunan shafin ba. Can kuma sai ya dawo kamar ba shi ba. Abin haushin, wanda ya riga ya shiga kiran bidiyo ba ya jin komai, maganarsa yake yi. (Na lura da wannan sarai. Na dai ajiye shi a inda nake ajiye darasin lissafi.)

Kawu ya canja layi, ya canja waya, ya kashe ya kunna har maɓallin ya koɗe. Wata tsohuwa da ta kawo jikanta rajista ta ce a yi hayaƙi. Ni kuwa na ce a bar mini, ina nazari.

A cikin hutun ne Yaya Hadiza, yayata, ta zo daga Kurfi. Wani asibiti ya kira ta ganawar ɗaukar aikin jinya ta bidiyo, bayan ta gama karatu ta zauna a gida har ta haddace yawan kajin Inna. An gaya mata layi ne, in ka rasa naka an wuce ka. Kawu ya ba ta kwamfutar ƙurya, ya share mata bango, ya kashe fanka don kada ta yi ƙara. Ta gyara hijabi, ta shiga, muka ji ta yi sallama da Turancin da ban san tana da shi ba.

Sai cutar ta tashi. Shago ya cika da ɗalibai, kowa na cewa shafinsa ya tsaya. Kawu kuma ya zaga masallaci azahar, bayan ya ce mini kada in taɓa komai. Na kalli ƙurya, na ga Yaya tana magana, zuciyata ta ce: yanzu abin nan zai iso kanta, kuma kai ne Injiniya.

To mu a gidan kakarmu a Birchi, maganin rashin sabis ɗaya ne: sama. Akwai tsamiyar da ake rataye waya a leda, saƙo ya shigo, a sauko da ita a karanta. Na girma ina ganin dattawa da rawani a kan katanga suna cewa "Ina jin ka." Saboda haka na zare rautar daga soket, na jona ta da doguwar wayar wuta, na fita da ita na kama bedin da ke ƙofar shago.

Na hau. Na ƙara hawa. Na kai inda ko tsuntsu sai ya yi addu'a. Na ɗaga rauta sama da hannu biyu kamar mai nuna kofin ƙwallo, ina ihu a duba ko ya kawo. 'Yan acaba suka tsaya, masu shayi suka taso, wani ya tambaya ko zuma ake ɗiba. Cinnaku suka shiga wandona suka buɗe kasuwa, ni kuwa ba hannun susa.

Daga can sama na hango Yaya ta fito bakin ƙofa. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ɗaga kai ta ce, "Ina cikin ba su amsa fa."

Ashe kiranta lafiya lau yake tafiya. Ni na yanke shi. Da rautar ta tashi a kan reshe, ta yi ta ƙoƙarin komawa, kwamfuta na cewa ba ta gane sunan shafin ba. Kafin ya buɗe an kira na bayanta.

Kawu ya dawo da carbi a hannu, ya tarar da taro, ya bi idon mutane har ya same ni. Ya ce, "Kai ɗan nan, mi kake yi da dukiyata a sama?" Na ce ina neman sabis. Ya ce in sauko a hankali, ba don ni ba, don rautar.

Wata ɗalibar jami'a mai karatun kwamfuta, Anti Rabi, da ta zo buga takardunta, ita ta zauna ta duba. Ta ce kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. Duk shafin da ka rubuta, sai ta aika a tambayo mata lambarsa, kamar baƙo ya shigo gari yana tambayar gidan Malam wane. To Kawu ya sa an kafa katangar tsaro a cikin rautar don hana yara kallon ƙwallo, katangar kuma wuri guda kawai ta yarda a je tambaya. In shago ya cika, wurin sai ya yi shiru, kwamfuta ta jira ta gaji ta haƙura. Wanda ya riga ya isa gidan kuwa ba ya bukatar tambaya, shi ya sa kiran Yaya bai motsa ba. Ta buɗe wa katangar hanya ta biyu, cutar ta warke kafin in gama fitar da cinnaku.

Na tambaye ta a hankali ko hawan da na yi ya ɗan taimaka. Ta ce, "Ƙanena, da katangar ka hau, da ita ka sauko."

Asibitin sun ce Yaya ta jira wani zagayen, ba su ce yaushe ba. A motar Kurfi muka zauna kafaɗa da kafaɗa. Na ba ta gyaɗa, ta karɓa ta miƙa wa yaron wata mata. A gida Inna ta tambayi yadda aka yi, Yaya ta ce a tambayi Injiniya, ta shige ɗaki. Tun ranar in aka kira ni da sunan nan sai in ji cinnaku.

Yaya ta koma kiwon kajin Inna, ni kuma nake share musu akurki ba tare da an sa ni ba. Abin da na koya shi ne, kafin in ceci mutum, in fara leƙawa in ga ko yana bukatar ceto. In kuma intanet ya ɗauke, ƙafafuna biyu suna ƙasa, hannayena suna aljihu.