Ranar da Fankata Ta Samu Aiki a Wurin Manya

Ranar Laraba ce, zafin bazara ya sauka a Sokodé tun hantsi, irin wanda kare ma yake ƙyuyar haushi. Ina zaune a rumfata, inda samarin Zongo ke zuwa buga ƙwallo a kwamfuta, sai ga maƙwabcina Nourou mahauci da takarda a hannu.

Ya ce, "Kai ɗan lekol, mai boko rabi da rabi, taku ta samu. Manya za su buɗe cibiyar kwamfuta ta matasa a Dapaong, har da gasar wasa. Amma an ce kowa ya zo da tasa."

Na ce, "Cibiyar kwamfuta, kuma mu za mu kai kwamfuta?"

Ya ce, "In an gayyace ka walima aka ce ka zo da nama, ai ka san irin walimar."

Na yi kunnen ƙashi. Wanda bai ji bari ba, zai ji hoho.

Ku sani, jama'a, kwamfutata ɗaya ce tal, ranta kuwa shi ne katin hoton da ke ciki, wanda ke sa wasa ya tafi sumul. Bana kayan cikin kwamfuta sun yi tashin gwauron zabi, wai manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira na ƙetare sun far musu kamar fara a gona. In katin nan ya mutu, ba ni da halin wani. Shi ya sa nake lallaɓa shi: gefen akwatin kullum a buɗe, fankar tebur tana hura masa iska, ni ina gefe ina gumi.

Haka na rungume kwamfutar da fankarta a cinya har Dapaong. Zaure sabo fil, fenti na ƙamshi, allo ashirin a jere, ƙarƙashinsu ko waya babu. Wai kwamfutocin suna kan hanya. Allah ya kawo su lafiya. Namu guda biyar aka jera a gaba, aka ce mu kunna wasa kada mu kashe, don Mai Girma Sarkin Almakashi, babban baƙo mai yanke zaren buɗewa, ya ga matasa cikin zamani.

Sai Madam Salamata, mai tsara bikin, ta ja birki a kan tawa.

"Wannan mai hanji a waje ta wane ce?"

"Tawa ce, Madam. Iska take sha."

"A gaban kyamara? Ƙanena, rufa mana asiri."

Ta lulluɓe ta da atamfa, ta ɗora tukunyar fure a kai. Fankar kuwa ta sa aka kai ta gefen kujerar Mai Girma.

"Madam, wallahi za ta ƙone!"

"In shi ya yi gumi fa, wa zai ƙone? Ba ni ba?"

Aka kora mu bayan igiya.

A gaskiya Allah ya yi wa Mai Girma baiwar magana. Awa biyu cur bai nemi ruwa ba. Ya ce nan gaba kaɗan yaran ƙauyen Korbongou ma za su riƙa ƙera kwamfuta da hannunsu. Muka yi tafi. Fankata na gefensa tana juya kai dama da hagu, ita kaɗai ce ta nuna shakka. Ana cikin godiya ta bakwai allona ya yi baƙi ƙirin, ƙauri ya taso daga ƙarƙashin atamfa. Mai Girma ya shaƙa, ya tambaya ko an fara gashin nama ne.

Gasar kuwa, an ɗage ta sai kwamfutoci sun iso.

Da na dawo, Nourou ya leƙa cikin akwatin, ya sunsuna, ya ce, "Ban san kwamfuta ba, amma na san abin da ya wuce dahuwa."

Ga abin da ya salwanta: katin hoto ɗaya, ya ƙone. Fanka ɗaya, ta bi ayarin motocin manya, kuma ban ga laifinta ba. Kwana uku a hanya. Rumfa ɗaya, a rufe har yau. Atamfar Madam dai, alhamdu lillahi, ko tabo ba ta yi ba.