Yadda Za Ka Tayar Da Tsohuwar Motarka Da Sanyin Safiya Ba Tare Da Ka Roƙi Maƙwabci Ba

Kai mai tsohuwar mota, matso kusa, na san halin da kake ciki. Sanyi ya shigo, matarka ta shiga watan haihuwa, kuma ta riga ta faɗa maka a gaban mahaifiyarta cewa ranar da naƙuda ta taso, in motar nan ta yi gardama, ba za ta tsaya jira ba, ta maƙwabci za ta shiga. Kai kuwa ka bugi ƙirji ka ce ɗanka na fari ba zai je asibiti a motar aro ba. Ka yi daidai. Ka bi matakan nan yadda na tsara su, na ba ka tabbaci motarka za ta tashi kuma mutuncinka zai tsira. Duk waɗanda na koya wa babu wanda ya dawo da ƙorafi. Wasunsu ma ba su dawo ba sam, suna can bakin hanya.

1. Ka gane abokin gabarka

Ba motar ba ce. Motar baiwar Allah ce, tsufa ne kawai ya kama ta. Abokin gabarka shi ne maƙwabcinka, wanda 'yan layi ke kira Mai Rimot, saboda tun daga bakin ƙofa yake danna ɗan abin hannunsa motarsa ta yi ƙara ta buɗe kanta. Tasa ba ta da cok, ba ta san sanyi ba, ba ta san wahala ba. Shi ma haka.

Kullum da safe zai tarar da kai ka tura kai cikin inji, ya sauke gilashi ya ce, "Maƙwabci, yau ma ana fama? In jira ka ne mu wuce tare?"

Kada ka ɗago da sauri. Ka goge hannu da tsumma a hankali, ka ce, "A'a, wuce abinka, ɗumama ta nake yi." Ka faɗi haka ko da injin shiru yake ko tari bai yi ba. Mutumin da bai taɓa jan cok ba a rayuwarsa ba shi da hurumin yi maka gardama.

2. Ka fahimci cok, ko ka yi kamar ka fahimta

Ga yadda abin yake. In gari ya yi sanyi, fetur yakan yi nauyin jiki, ya ƙi haɗuwa da iska. Shi cok ɗan marfi ne a maƙogwaron kafireto, inda fetur ke haɗuwa da iska. In ka jawo maɓallinsa da ke kusa da sitiyari, marfin ya rufe, iska ta ragu, mai ya yi yawa, inji ya samu abin kamawa. Shi ke nan ilimin. Amma kada ka kuskura ka faɗe shi a gajarce haka, za a raina ka.

Ka zaunar da matarka ka yi mata bayani da hannuwa biyu, kana kwatanta marfin da tafin hannu. Za ta saurare ka tana shafa ciki, in ka gama ta ce, "To na ji. Ni dai tashi za ta yi ko ba za ta tashi ba?"

Kada ka amsa. Wannan tambayar waɗanda ba su san inji ba ce.

3. Ka gyara da hannunka

Ban da kiran bakanike. Da ya zo zai zagaya motar, ya tsotsi haƙori, sannan ya tambaye ka ko ka taɓa tunanin sayarwa, kuma zai yi tambayar da ƙarfi yadda za a ji daga cikin gida.

Ɗaga bonet da kanka, ka tokare shi da sandar tsintsiya tunda ƙarfensa ya daɗe da ɓata. Cire tukunyar matatar iska, za ka ga marfin cok a ƙasa. Zagaya ka jawo maɓallin, ka dawo ka leƙa: ya kamata marfin ya rufe ruf. Koma ka tura shi, ka sake dawowa: ya kamata ya miƙe tsaye. In bai yi haka ba, wayar da ta haɗa maɓallin da marfin ce ta saki. Sassauta ɗan sukurun da ya riƙe ta, ka ja ta, ka ɗaure.

A nan ne sukurun zai suɓuce ya faɗa cikin inji. Za ka ji ƙarar faɗuwarsa, amma ba zai iso ƙasa ba har abada. Kada hankalinka ya tashi. Kowace tsohuwar mota tana da sukurori fiye da buƙatarta, ka kwance wani daga inda kake ganin ba ya aikin komai.

Akwai kuma wani sukuru a gefe, na silo, mai daidaita kiɗan inji in mota na tsaye. Kada ka taɓa shi. Na san za ka taɓa. In ka taɓa, ka tuna inda ka juya shi, ko da yake na san ba za ka tuna ba.

4. Ka nemo fegin shanya

Bayan duk wannan gyara za ka lura maɓallin ba ya tsayawa inda ka bar shi. Kana sakinsa zai sulale ya koma ciki, motar ta mace. Maganin wannan ba a shagon kayan mota yake ba, yana bayan gidanka. Fegin shanya, ɗan maƙalin nan da ake kama tufafi da shi a igiya, shi za ka cusa a bayan maɓallin ya tokare shi. Sanyi kaɗan, fegi ɗaya. Sanyi sosai, ka ƙara.

Matsalar ita ce surukarka ta zo zaman jiran haihuwa, kuma tun da ta sauka take wanke kayan jariri, ta shanya, ta kwashe, ta sake wankewa. Ta san fegin gidan nan fiye da yadda ka san ƙannenka. Ba za ta yi maka magana kai tsaye ba, kunya ba za ta bari ba. Kana zaune a falo za ta ɗaga murya ta ce wa 'yarta, "Ke, wai gidan naku ɓeraye har katako suke ci ne?"

Ka ƙura wa labaran talabijin ido. In ta kama, ka ce, "Wallahi Mama, ɓerayen unguwar nan sai addu'a."

5. Ka yi atisaye kowace safiya

Shiga ka zauna, ka yi bismilla. Taka totur sau ɗaya ka ɗauke ƙafa. Jawo cok, sa fegi, murɗa makulli. Kada ƙafarka ta sake zuwa kusa da totur, in ta ƙi jin magana ka naɗe ta a ƙarƙashin kujera.

Sai ka kasa kunne. In ta yi tari ta yi shiru, alama ce mai kyau, tana tunani. In ta yi ta gurnani ba ta kama ba, ka saki makullin ka bar batir ya huta. In ta yi ƙas kawai, ka fito ka rufe ƙofa a hankali, ka ce wa duk wanda ke kallo yau dama ƙafarka kake son motsawa.

In ta tashi, kada murna ta ɗauke maka hankali. Ka riƙa cire fegi kana tura cok kaɗan-kaɗan yayin da inji ke ɗumi. Wanda ya manta, salansa za ta yi ta aman baƙin hayaƙi, iska kuma ba ta da wurin kai shi sai kan fararen kayan jaririn nan.

Da yamma ka lulluɓe injin da bargo. Matarka za ta neme shi ta rasa, ta ce, "Maigida, ina bargona mai ruwan ƙasa?" Ka ce mata yana aikin da zai amfane ta. Ka dai tuna ka cire shi kafin ka murɗa makulli, don ƙaurin bargo ba ya barin mota da wuri.

6. Ranar da abin ya zo

Jarirai ba sa zuwa da rana tsaka lokacin da inji ke da ɗumi. Da sassafe za su zo, a safiyar da ta fi kowace sanyi. Matarka za ta dafa kafaɗarka ta ce, "Tashi, abin fa ya zo."

Za ka fita da takalmi wari da wari, ka ɗaga bonet ka yaye bargo. Za ka jawo cok, ka miƙa hannu inda kake ajiye fegi, ka ji wayam. Jiya surukarka ta shiga motar ɗauko ledarta, ta gan su, ta kwashe abinta, ga su can a igiya suna riƙe da 'yan safa. Za ka riƙe maɓallin da hannu ɗaya, ka murɗa makulli da ɗayan. Motar za ta yi tari. Daga bakin ƙofa matarka za ta yi nishi.

Wannan nishin shi zai goge duk abin da na koya maka. Ƙafarka za ta fito daga ƙarƙashin kujera ta hau totur, ta yi ta taka shi kamar tela a kan keken ɗinki. Kafin ka ankara warin fetur ya cika motar. Ka shaƙe ta da mai, fulogi sun jiƙe sharkaf.

Akwai magani. Tura cok ciki gaba ɗaya, ka danne totur har ƙasa ka riƙe, ka murɗa. In ta ƙi, sai a jira mai ya bushe. Za ka murɗa, batir ya fara jan murya, ka sake murɗawa ya ƙara yin ƙasa. Surukarka na tsaye da jaka a hannu, za ta ce wa 'yarta, "Tambaye shi, mu zauna ne ko mu fara takawa?"

7. Ka ƙwanƙwasa ƙofar

Na san abin da na rubuta a sama. Ka bar wannan maganar yanzu.

Matarka za ta tako a hankali ta dafa ƙofar motar. Da za ta yi faɗa da ka ji sauƙi, don ka saba da faɗa, kana da amsoshinsa. Ba za ta yi ba. Za ta dube ka, gumi na tsatsafo mata a wannan sanyi, ta ce, "Na san ka yi ƙoƙari. Amma wallahi ba zan iya jira ba."

Tsoro zai kama ka, irin wanda ba ka taɓa ji ba. Ka bar makullin a jiki, ka bar bonet a buɗe, ka ruga gidan Mai Rimot ka buga ƙofa da hannu biyu.

Zai fito da singileti. Ka shirya jin baƙar magana, amma ba zai ce komai ba sai, "Subhanallahi, ku shigo, ku shigo!" Wannan ita ce muguntar mutumin: ko dalilin jin haushinsa ba zai bar maka ba. Surukarka ta zauna gaba, kai ka zauna baya ka riƙe hannun matarka. Za ta matse maka yatsu har su yi ƙara, ka bar mata. Motar tana da abin ɗumama ciki, kuma yana aiki. Kada ka yaba.

8. Ka koma wurin motarka

Mace za a haifa, lafiya lau, da ita da uwar. In aka miƙo maka ita hawaye za su zubo maka. Ka ce fetur ne ya shiga idonka, warinsa na jikinka, kowa zai yarda.

Da rana za a aike ka gida ɗauko ruwan zafi da zannuwa. Za ka tarar da motarka tana shan rana, bonet a hangame. Za ka shiga don kawai ka zare makulli, sai zuciya ta ce ka ɗan murɗa. Bugu ɗaya za ta tashi, ba cok, ba fegi, ba tari, tana kiɗa lafiya lau kamar ba ita ba. Kada ka shure ta, ƙafarka ce za ta ji ciwo.

Ka tuƙa ta zuwa asibiti, ka samu likita a gefe ka roƙe shi, in zai sallame su ya bari sai rana ta take. In lokacin ya yi, Mai Rimot zai zo barka, ya ce yana nan in ana buƙatar a kai mai jego gida. Kai dai ka kalli ƙasa. Matarka za ta gyara wa jaririya hula, ta ce, "Mun gode, Allah ya saka da alheri. A tamu za mu koma."

A tamu, ba a tasa ba. Ka fita da sauri ka goge kujerar baya kafin fetur ya sake shiga idonka.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba bakanike ba ne, ba ungozoma ba ne, kuma ba ya ɗaukar alhakin batir da ya mutu, bargo da ya ƙone, sukurun da ya shige inda ba a fitowa, ko suruka da za ta yi ta ba dangi labarin nan a kowane taro har ƙarshen rayuwarka. Wanda ya bi shawarata ya bi ne don ganin damarsa. In kuma motar ta mace muku a tsakiyar hanya, da mai jego da jaririya da suruka a ciki, kada ka neme ni. Lambar Mai Rimot tana cikin wayar matarka. Ka karɓa ka kira, kada ka tambaye ta tun yaushe ta ajiye ta.