Jarina a Waƙar Muttaƙa

Ba zan taɓa mantawa da wunin bikin 'yar yayana a Tambuwal ba, kuma ko na so mantawa, akwai wasu mata a Kebbe da suka ɗauki tuna mini tamkar aikin lada. Amma bari in faro daga tushe, don kada ku zaci haka kawai na tashi na zubar da girmana a gaban dangi da dangin ango.

Ni malamar asibiti ce, karɓar haihuwa ne aikina. Bayan rasuwar maigidana aka yi mini canjin wurin aiki daga Tambuwal zuwa Kebbe. Yara sun girma. Babbar tana ɗakin mijinta a Sakkwato, namijin yana karatu a Zariya, sai ya ga dama yake kira (ganin damar tasa kuwa ta fi zuwa a ƙarshen wata). Na kama ciki da falo a gidan wata dattijuwa, Hajiya Kulu, wadda ke zaune da surukanta da jikoki. Mutanen kirki ne, ba ni da abin faɗa a kansu. Suna aiko mini tuwo, suna gaishe ni safe da yamma. Amma da zarar na fito tsakar gida sai hira ta tsaya, a gyara ɗankwali, a ɗauko mini kujera alhali kowa na kan tabarma. Girmamawa ce, na sani, sai dai girmamawa ba ta taya mutum cin abinci. Nakan dawo daga aiki da la'asar in turo ƙofa, in ci abincina ina jin ƙarar cokalina.

A cikin wannan hali ne na je gida hutun ƙarshen mako, Muttaƙa ya zo gaishe ni. Ɗan aminiyata ne tun ta ƙuruciya, a hannuna aka haife shi, yanzu ya zama saurayi mai waƙa a wuraren biki. Ya zo da yayarsa Nafisa, wadda ta karanci kasuwanci, ita ke riƙe masa harkokinsa. Suka zauna a ƙasa, suka yi mini bayani. Yana da wata sabuwar waƙa da yake so ya ɗauka a situdiyo mai kyau a Kano. Za a biya mai haɗa kiɗa, a biya yarinyar da za ta yi amshi, a yi bidiyo, sannan a ba wani kamfani ya ɗora ta a manhajojin sauraron waƙa na intanet. Duk wanda ya sa kuɗinsa yana da kaso a cikin abin da waƙar za ta kawo.

"Ba kyauta nika nema ba, Inna," in ji Muttaƙa. "Jari za ki zuba. Duk sadda wani yas saurara, wani abu na shigowa."

Wannan jimlar ta ƙarshe ita kaɗai na ɗauka na sa a aljihu. Nafisa ta karanta mini yarjejeniya tun daga sama har ƙasa, ta yi ta tambayata ko na gane, ina ɗaga kai. Gaskiyar magana ba na ji. Abin da nake lissafawa shi ne rabon da wani ya zauna da ni tsawon haka yana neman shawarata, ba don matarsa na naƙuda ba. Na kwashi adashina a watan, kuɗin da na ware don kwanon rufin ɗakuna biyu da nake ginawa a Tambuwal saboda ranar ritaya. Na miƙa musu. Na koma Kebbe ina jin kaina wata babbar 'yar kasuwa (ni da ko kaza ban taɓa kiwatawa ta yi riba ba).

Da damina ta kama waƙar ta fito. Muttaƙa da kansa ya tura mini ita daga wayarsa zuwa tawa. Sunanta "Ɗaki Ya Yi Faɗi". Waƙar soyayya ce, mace tana kukan masoyinta ya yi tafiya, ta ce tun da ya tafi ɗaki ya yi mata faɗi, abinci ya ƙi wucewa, ya dawo ko da faɗa za su yi. Ban tsaya nazarin baitocin ba. Ni ma'aunin riba nake gani. Na ce wa kaina tunda kowane sauraro kuɗi ne, ai ba zan zauna jiran mutanen duniya ba, ni ma ina da kunne.

Na sa ta a kan maimaici. Tana ƙarewa tana sake farawa. Ina wanka tana yi, ina girki tana yi, ina shanya a tsakar gida wayar tana cikin zanena tana yi. Har batirin ajiyar caji na saya saboda rashin wuta. Idan ta zagayo sai in ce ƙusa ɗaya ta samu, in ta daɗe tana zagayawa in ce yau kam an sami gefen kwano. Lokacin salla kaɗai nake kashewa, kuma Allah Ya yafe mini, har wani daɗi nake ji cewa ga asarar da na yi saboda ibada. A asibiti ma tana cikin aljihun rigar aikina, a hankali. Wata baiwar Allah daga wani ƙauye, haihuwarta ta fari, tana tsakiyar naƙuda ta riƙe hannuna ta ce, "Malama, don Allah ki kashe wagga waƙa, ciwo guda ya ishe ni." Na kashe, amma a raina na rubuta ta cikin masu hana ni arziki.

A daidai lokacin ne na ga mutanen gidanmu sun canza mini. Hajiya Kulu ta fara shigowa ɗakina ta zauna bakin gado, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tambaye ni shekara nawa da rasuwar maigida, ta ce ai ni yarinya ce har yanzu, jikina bai nuna ba. Ta aiko mini da lalle da turaren wuta. Furar da ake kawo mini ta ƙara kauri. Wata rana ta tambaye ni ra'ayina game da 'yan kasuwar hatsi, na ce ai mutane ne masu muhimmanci, ba don su ba da gero ya ruɓe a rumbu. Ta yi murmushi ta fita da sauri. Ni kuwa na ji daɗi ƙwarai. Na ce a ƙarshe dai sun saba da ni. Shi ya sa da bikin 'yar yayana ya taso na gayyace ta, ta taho da maƙwabtanmu biyu, muka cika mota ɗaya zuwa Tambuwal.

Ranar wuni an kafa rumfa a ƙofar gida, mata sun cika, kuma Muttaƙa ne mawaƙin bikin. Aka zaunar da ni a sahun manya, tsakanin Gwaggona da uwar ango, Hajiya Kulu tana bayana. Da ya ɗauko "Ɗaki Ya Yi Faɗi" sai fili ya rikice, 'yan mata suka shiga, liƙi ya yi ta zuba. Ina kallon kuɗin suna sauka a kafaɗarsa ina cire kasona da ido. Na juya na gaya wa uwar ango, matar da ranar na fara ganinta, cewa waƙar nan da take ji ina da hannun jari a ciki. Ta ce ma sha Allah. Na ga kamar ba ta gamsu ba, sai na hango Nafisa tana wucewa da kular abinci, na ƙwala mata kira.

Ta zo ta durƙusa. Na ce mata tunda ga mu ga juna, ta faɗa mini nawa ribata ta kama, ta haɗa da na liƙin yau. Yarinyar ta dubi matan da ke kewaye da mu, ta sassauta murya ta ce, "Inna, mu shiga ciki in yi miki bayani." (A nan ne Allah Ya buɗe mini ƙofar tsira, na sa ƙafa na rufe ta.) Na ce ai ba kuɗin sata ba ne, ta faɗa a nan kowa ya ji.

To ta faɗa. Ta ce liƙi na mawaƙi ne da masu kayan sauti, ladan tsayuwarsu ne a fili, ni kasona yana cikin waƙar da aka ɗauka a situdiyo ne kawai. Shi kuma wancan kuɗin, manhajojin sai su tara na watanni kafin su biya, kamfanin da ya ɗora waƙar ya cire nasa, sannan a fara mayar da abin da aka kashe wajen talla, kamar yadda ta karanta mini ran nan. Abin da ya rage shi ake rabawa, kuma har yanzu ba a kai wurin ba. Ta ƙara da cewa waƙar ta karɓu sosai, amma yawancin mutanenmu a wurin masu tura waƙa a kasuwa suke samunta, wannan kuwa ko sisi ba ya kawowa.

Da na yi shiru a nan da da sauƙi. Sai na ɗaga murya na ce wannan lissafi bai yi ba, don ni kaɗai tun farkon damina dare da rana nake sauraronta, ko barci nake tana yi, abin da na tara ni ɗaya ya isa a ga wani abu. Nafisa ta karɓi wayata, ta duba, ta daɗe tana dubawa kamar mai neman hanyar da za ta bi.

"Inna, wagga da kika kunnawa cikin wayarki take, wadda Muttaƙa yat tura miki. Ba ta intanet ba ce. Babu wanda yas san kina saurare."

Na ce ko sau ɗaya? Ta ce ko sau ɗaya. Ta ce ma gara da haka ta faru, don da a manhaja waya ɗaya ta yi ta maimaita ta haka, da sun ɗauka maguɗi ne sun sauke waƙar baki ɗaya.

A daidai wannan lokacin mai kayan sauti ya tsayar da kiɗa za a canza waƙa. Cikin shirun nan Hajiya Kulu ta leƙo ta kafaɗata, da muryarta ta mai kiran jikoki daga bayan gari.

"Malama, wai kasuwanci kika yi da waƙar ga? Ashe ba aure kika so ba? Mu da munka ji ki kullum ɗaki ya yi faɗi, ɗaki ya yi faɗi, har mun yi ma Alhaji Bawa mai hatsi magana. Ya ce bayan girbi shina tafe."

Ban san rumfa na iya girgiza da dariya ba sai ranar. Uwar ango ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Gwaggona, wadda kunnenta ya yi nauyi, rabin zancen ta ji, ta dafa gwiwata ta ce ai ba abin kunya ba ne, sunna ce, in mutumin kirki ne ita za ta shige gaba. Akwai cinyar kaza a hannuna. Na rasa ko in ci ko in ajiye, haka na riƙe ta har aka kira la'asar.

Washegari na sami Nafisa na ce a mayar mini da kuɗina, na fasa. Ta ce Inna kuɗi ai sun zama waƙa. Na ce to a sayar da kasona. Ta ce babu kasuwar da ake kai irin wannan, sai dai in ni na samo mai saye muka daidaita, in ba haka ba haƙuri zan yi in jira. Na tuntuɓi yayana, ya tambaye ni ko abin ana iya ɗaure shi a turke. Da rago na saya da kuɗin, da ranar kasuwa na ja shi na dawo da wani abu a hannu.

A hanyar komawa Kebbe matan sun yi ta ba ni haƙuri, suna yi suna danne dariya. Na jingina da taga ina kallon gonakin dawa. Da na shiga ɗakina ban kunna komai ba. Na zauna bakin gado da mayafina a jiki, shirun ya dawo ya zauna kusa da ni, a nan na gane cewa matan ba su yi kuskure duka ba. Ba miji nake nema ba, amma ba don ƙusa da kwano kaɗai na yi watanni ina kwana da muryar wata yarinya a kunnena ba.

Bayan girbi Alhaji Bawa bai zo ba. Ya aiko wa Hajiya Kulu cewa ya ji labari, shi ba zai iya da macen da ke zuba kuɗi a abin da ba a aunawa da kwano ba. Mutumin da ban taɓa gani ba, ban san yana nemana ba sai ranar biki, ya fasa aurena. Abin dariya ne, na kuma yi dariyar, amma zan faɗa muku gaskiya, sai da ya ɗan sosa mini rai.

Kasona ya fara shigowa daga baya, Nafisa ba ta ci amanata ba. Na farkon ya yi mini cefanen kwana biyu. Ginina ya ƙara shan ruwan damina guda babu rufi, har bango ɗaya ya tsage.

Yanzu in wani ya zo mini da zancen jari, nakan ajiye abin da ke hannuna in tambaye shi ta wace hanya kuɗin za su dawo, wa zai ɗiba kafin ni, kuma wa zai saya in na gaji. Ke kuma 'yar'uwa, in kaɗaici ya dame ki, ki buɗe baki ki gaya wa maƙwabta cewa ya dame ki. Ya fi araha.