Katunan da Na Kai Maktaba

Ko na tsufa na fara manta sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis ba, ranar da na tashi takanas daga Nuzla har arewacin Jidda don in koya wa 'yan zamani wasan kati. Ba karta nake nufi ba. Katin dodanni ne, wanda kowa ke haɗa nasa guda arba'in, a zauna a tebur a gwabza.

Muna 'yan makaranta, a lungunmu babu mai ja da ni. Ba wai na fi kowa ƙwaƙwalwa ba ne (yau ranar faɗin gaskiya ce), kaya na fi kowa. Sauran yaran na baƙala, wato kantin unguwa, suke saya, masu fentin da ke bin hannu in an yi gumi. Ni kuwa Babana direba ne, ɗan kafilinsa, wato ubangidansa, ya tafi karatu waje, aka ce a zubar da tarkacen ɗakinsa, Baba ya taho min da kwalin takalmi cike da katuna. A ciki akwai wani dodo mai ƙahon zinariya, in na ajiye shi a kan tabarma sai ka ji lungu ya ɗauki ihu.

Da na fara aiki a shagon taya sai na ajiye wasan, amma ban ajiye baki ba. Aminina Bukari, da ke aiki a wani sito a Khumra, shi ya ci gaba, yana bin duk sababbin katunan da ke fitowa. Kullum aka zauna shan shayi sai mun taɓa.

"Wasan nan ya mutu," in ji ni. "Da, ka ajiye dodo ɗaya, in ajiye ɗaya, a yi tunani. Yanzu mutum zai yi minti goma yana zuba kati shi kaɗai, rubutun jikin kowanne kamar takardar hayar gida."

"Ya akhi, karatun ne ba ka so," in ji Bukari. "A da wanda ya yi sa'ar kwali shi ke ci. Yanzu sai mai kai."

Maganar kwalin nan ta soke ni. Da ya ce akwai gasa a wani shago ranar Alhamis, na miƙe a gaban majalisa na rantse: in ban doke ko mutum ɗaya da tsofaffin katunana ba, halas, shi ke nan, na rufe bakina a kan wasan nan har abada. Mutum shida suka shaida.

Na koma gida da murnata. Na zaro kwalin, na ga gefen katunan ya fara laushi, zuciyata ta ce a gyara su kafin a shiga cikin mutane. To mu a Nuzla, duk takardar da ke da daraja hanyarta ɗaya ce. Kwafin iƙama ta zaman ƙasa, takardar haihuwa, katin allura, duk maktaba, shagon kayan rubutu, ake kai su a yi musu taglif, wato a saka su a roba, na'ura ta gasa, su fito ƙyam, ruwa ba ya taɓa su. Ban yi shawara da kowa ba.

"Duka arba'in?" in ji mai maktabar.

"Duka. Wannan mai ƙahon kuma ka sa masa roba mai kauri."

Bawan Allah ya yi aiki tsakaninsa da Allah, har da bin kusurwoyi da almakashi. Da na haɗa su suka yi tudu kamar bulo, suna sheƙi. Wallahi a hanya sau uku ina tsayawa in kalle su.

Bayan la'asar muka isa shagon, ni da Bukari da shaidu biyu. Sanyin na'ura, tebura a jere, samari da magidanta kowa da ɗan akwatinsa. Kafin a fara aka ɓarke da hirar da da yanzu, ni kuwa dama abin da nake jira ke nan. Na gyara tsayuwa na yi huɗuba. Na ce kamfani ya mai da wasa kasuwa, kowane wata sabon dodo ya kashe na jiya, an hana katunan da muka girma da su, an bar waɗanda ko lauya sai ya sa tabarau. Har da tafi aka yi min (mutum biyu ne, amma tafi tafi ne).

Wani mai suna Mazin, mai kantin magani, wanda aka ce tun farkon wasan yake ciki, ya yi murmushi. "Rabin maganarka gaskiya ce. Ni ma ina kewar wancan lokacin. Amma duk wanda ka tambaya zai ce shekarar da ya fara ita ce ta ƙwarai. Yalla, zauna mu gani."

Da shi aka haɗa ni. Na zaro bulona daga aljihu, na raba biyu zan cakuɗa irin yadda nake yi a da. Roba kuwa ba ta san gwani ba. Katuna suka yi tsalle kamar an watsa wa kaji tsaba, wasu kan teburin maƙwabta, wasu ƙarƙashin firjin lemo. Na durƙusa da farar jallabiyata ina rarrafe ina ba da haƙuri, "ma'alesh, ma'alesh".

Da na ɗago, sai na ga kowa ya zuba wa teburinmu ido. Mazin na riƙe da mai ƙahon zinariya da hannu biyu, yana juya shi a hasken fitila.

"Wannan bugun farko ne," ya ce a hankali. "Na asali. Shekara nawa ina nemansa, a hoto kawai na taɓa ganinsa." Ya ƙwanƙwasa robar da farce, ta ce ƙwas. "Ya shekh, wa ya yi masa haka?"

"Maktaba," na ce. Kuma don Allah ya nufa sai na ƙarasa kaina, na ƙara da cewa, "Mai kauri na ce a sa masa."

Wani ya dafe kai. Wani ya ce, "Haram alek!" Mazin ya yi min bayani kamar mai gaisuwar mutuwa: 'yar leda ake zura kati a ciki, a zare in an so, amma wanda aka gasa ya gasu ke nan, in ka ɓare robar da fuskar dodon za ta taho. Mai shagon ya zo ya duba sauran, ya ce ya yi haƙuri da ni, amma doka ba ta yarda a yi gasa da kati mai kaurin faranti ba.

Ko zagaye ɗaya ban buga ba. Rantsuwa ta hau kaina tun kafin in ajiye dodon farko. A hanyar komawa sai da Bukari ya faka mota a gefen titi, don dariya ta hana shi ganin gabansa.

Na cika alkawari, na rufe baki. Bayan sati biyu Bukari ya ara min sababbin katunansa, ya cinye ni sau biyar a jere, kuma (kada ku gaya masa) wasan akwai daɗi. Abin da na koya shi ne, kafin in hau tebur in ce zamani ya lalata abu, in fara duba abin da na yi masa da hannuna. Kamfanin da nake zagi shekara da shekaru bai taɓa dodona ba. Ni na kai shi aka gasa, har ina cewa a ƙara kauri.