Ruwan Azurfa a Baƙar Buta

Ba zan taɓa mantawa da baƙar butar nan ba, ko da zan manta sunan makarantar da na fara koyarwa. Lokacin ba a daɗe da kafa jihar Kebbi ba, ni kuma sabon malamin kimiyya ne a Jega, ɗan Karaye da ya je kwaleji ya dawo yana jin garinsu ya yi masa kaɗan. Ina neman auren Kulu, wata 'yar Aliero, magana ta yi nisa, saura abu ɗaya. Kawunta Alhaji Arzika, manomin albasa, zai zo ya ga inda nake zaune, ya ga ko ni mutumin kirki ne. Abin da ya faɗa shi za a yi.

Ana cikin haka wani ɗan bautar ƙasa ya bar mini mujallar da ke cewa ruwan azurfa maganin komai ne, daga ƙyasbi har ciwon ciki. Wai a tsoma azurfa a ruwa mai tsabta a sa mata wutar batir, sai ɓurɓushinta ya bazu a ciki. Na samo tsofaffin zobba, na kwance batirin babur ɗina (kwana da kwanaki ina zuwa aiki a ƙafa, duk don ci gaban ilimi). Da na ga ruwan bai canza yadda raina ke so ba, sai na ɗebo gishirin azurfa da muke gwaji da shi a makaranta na zuba, wai ya ƙara ƙarfi.

Saura ajiya. Mujallar ta ja kunne cewa haske ne abokin gabar azurfa, da ya taɓa ta sai ta yi baƙi, don haka a zuba a kwalba mai duhu. Na nemi irin kwalbar har na gaji. Sai idona ya faɗa kan sabuwar butar roba, baƙa ƙirin, da murfinta. Na juye ruwan na ajiye a inuwar zaure ina yaba wa kaina basira. Ni da aka haifa a ƙasar Hausa, na manta cewa buta ba ta da mai ita, ta wanda ya ji kiran salla ce.

Ranar kasuwa Kawu Arzika ya iso, farin dattijo, gemunsa fari fat. Na tsuguna na kwashi gaisuwa, na shige ciki ɗauko fura. Ina fitowa na same shi a bakin zaure yana wanke ƙafar hagu, baƙar butar a hannunsa. Saura ƙiris kwaryar ta suɓuce mini.

Ya ce, "Malam, ruwanga naku na Jega ɗaci garai. Na rijiya na?"

Da bakin nan nawa na ce, "Na rijiya ne, Kawu." (Allah ya yafe mini.) Na yi ta lallashin zuciyata cewa ai fatar mutum ba takardar hoto ba ce.

Masallaci ya cika saboda kasuwa, a waje muka samu sahu, rana tsaka. Daga nan ya ja ni wurin 'yan albasa, wai in ga abokansa. Ina tsaye ina kallon launin yana fitowa a fatarsa. Da fari toka-toka, kamar ya yi barci a gindin murhu. Kafin la'asar ya koma baƙi: fuska daga goshi zuwa haɓa, hannuwa zuwa gwiwar hannu, leɓɓa, kunnuwa, ƙafafu zuwa idon sawu, gemun ma bai tsira ba. Ban taɓa ganin cikakkiyar alwala irin ta dattijon nan ba, babu inda ya tsallake.

Wani dillali ya ɗago ya ce, "Subhanallahi! Alhaji, mi as same ka?"

Aka kai shi gaban madubin wani babur. Ya duba, ya ja da baya, ya sake dubawa. Nan take mutane suka taru ana salati. Wani ya ce jifa ne, wani ya fara ambaton sunan maƙwabcin gonarsa. Da na ji za a ɗora wa bawan Allah abin da bai ji ba bai gani ba, sai na zube ƙasa.

"Kawu, ba jifa ba ne. Ni ne."

Na kwashe komai na faɗa, da zobba, da batir, da ƙaryar rijiya, a gaban 'yan kasuwa da buhunan albasa. A raina na riga na yi sallama da Kulu. Ya daɗe yana kallona da baƙar fuskar nan, sannan ya ce, "To Malam, tunda kai am mai ilimi, hwaɗa min. Alwalata ta yi ko ba ta yi ba?"

Ya ari wata buta ya rama azahar.

Sai da fatar ta saɓe baƙin ya fita, dattijo na zaune a gida rufe da rawani. Likitan da ya duba shi ya ce an yi sa'a bai haɗiye ba, kuma mai yawan shan ruwan azurfa launinsa kan canza har abada. Ragowar na haƙa rami na binne.

Daga baya Kulu ta gaya mini hukuncin da ya kai wa babanta: "Yaron ya yi min ƙarya, amma ba ta kai la'asar ba. A ba shi. Sai dai kak kowa ya amshi ruwa hannunai."

Tun daga ranar na gane cewa duk abin da ba ruwa ba ne, komai iliminka, kada ka zuba shi a buta. Kulu dai tana ɗakina, 'ya'yanmu har sun girma. Kawu Arzika kuwa har ya koma ga Allah bai fasa ziyartarmu ba, amma duk zuwan da zai yi, da butarsa ɗaure a bayan babur.