Haƙorin Makka a Hannun Gwamnati

Ko da sauran haƙoran bakina za su zube, ba zan taɓa mantawa da shekarar da na zauna ciniki da gwamnatin birnin Washington ba. Amma kafin labarin, ya kamata ku san da wa kuke magana. A kasuwa na tashi, a Kano, kuma tun ina yaro ba a taɓa ce min "a'a" na kama hanya na tafi ba. A wajenmu "a'a" gaisuwa ce. Mai kaya ya ce albarka, ka ce haba, ya rantse bai sayo haka ba, ka tambaye shi lafiyar iyali, kafin la'asar ka tashi da kaya har da gyara. Da wannan ilimin na sauka Amurka, kuma na sha faɗa a majalisa cewa ba a gina ofishin da zai gagare ni a ƙasar nan ba. (A lokacin tasi nake ja, tun kafin motocin da ake kira ta waya su zo su raba mu da kasuwa. Amma in an tambaye ni sana'a, cewa nake ina harkar sufuri.)

Abu na biyu da ya kamata ku sani shi ne haƙorina na Makka. A sama yake, gefen dama, daidai inda murmushi yake farawa. Tun da na sauke farali aka sa min shi, kuma shi ne jarina. Duk wani biki ko suna na Hausawa, daga cikin birni har Lanham da Beltsville, ni ake miƙa wa makirfo. In na saki dariya fitilar mai hoto ta dake shi, na ƙarshen zaure ma sai ya kare idonsa. Yaran da aka haifa a nan, waɗanda ka yi musu Hausa su mayar maka da Turanci, ba su san sunana ba. Kawu mai zinari suke cewa.

To shi wannan haƙori ne ya fara ciwo. Na sa kanumfari, na kuskure baki da ruwan gishiri, na tauna tafarnuwa har fasinjoji suka fara sauke gilas a tsakiyar sanyi. Inshora kuwa ba ni da ita, don ɗan tasi shi ne ogan kansa, shi ne kuma yaron kansa. Wanda ya taɓa leƙa wajen likitan haƙori a ƙasar nan ba inshora ya san me ya sa na zaɓi tafarnuwa.

Maiɗakina, Maman Ummi, ita ta jiyo daga wata maƙwabciya cewa gwamnatin birni tana da wani tsari na marasa inshora, har da haƙori a ciki. Sharaɗin dai ka kasance mazaunin birnin, ba ka da wata inshora, kuma samunka bai taka kara ya karya ba. Mu kuwa a cikin birnin muke haya, ta arewa maso yamma. Iyakar abin da ta faɗa min ke nan. Amma kafin labarin ya isa majalisa bayan sallar Juma'a, ya yi ƙiba a bakina. Na sanar da jama'a cewa gwamnatin Amurka za ta cire min tsohon zinari ta sa min sabo, mai nauyi, kuma za su gan shi da idonsu ranar walimar 'yar Dakta. Shi Dakta babban likitan zuciya ne, mutumin Katsina, zai aurar da 'yarsa a Lanham, kuma ya riga ya ce ni zan riƙe taron.

A majalisar akwai Isuhu, Badamagare, direba kamar ni, yana zaune a Beltsville ta jihar Maryland. Kun san tsakanin Bakano da Badamagare. Tun da muka haɗu bai taɓa yarda da ko gaisuwata ba sai ya bincika. Ya ce shi ma yana son lokotoro (likita ke nan a bakinsu) ya wanke masa haƙora, goro ya ɓata su. Na bugi ƙirji na ce ya biyo ni kawai, in ina wuri ba a mayar da mutumina.

A ofishin rajista muka sami wata mata mai fara'a. Da ta zo kan maganar samu, a gabanta na rushe kamfanin sufurina gaba ɗaya. Na ba ta labarin tsohuwar motata, da tsadar mai, da haya, da bakunan da nake ciyarwa a gida Najeriya, har na ga idonta ya fara laushi. Isuhu yana gefe yana kallon silin, yana gyaɗa kai kamar mai haddace karatu. Ni dai na shiga tsarin. Da aka zo kansa, ta dubi lasisinsa ta ce ai shi mutumin Maryland ne, tsarin nan na mazauna birni ne kawai, sai dai ya nemi abin da jiharsa take da shi. Na ce ƙanina ne. Ta ce a ina yake kwana? Na ce tsakanin gidana da nasa ko shayi ba zai huce ba. Ta yi murmushi ta ce ta yarda, amma shayin a Maryland zai sauka.

Mai hankali a nan zai ɗauki darasi. Ni kuwa na ja Isuhu waje na ce kada ya damu, wannan ƙaramar ma'aikaciya ce, babban ciniki yana wajen likita.

Da katina ya fito, Isuhu ne ya kai ni asibitin, don an ce za a yi min allurar kashe zafi. Na sha babbar riga, na riƙe kwalbar turare mai kyau a aljihu, don ba a zuwa wajen manya hannu rabbana. Likitar yarinya ce, ba za ta girmi 'yata ta fari da yawa ba. Ta ɗauki hoton bakin, ta nuna min a kwamfuta. Ashe zinarin riga ce kawai; haƙorin da ke cikinta ya daɗe da rasuwa, ni ne ban sami labari ba. Ta ce babu abin da za a ceto, sai cirewa.

Don Allah kada wani ya ce Turanci ne ya ba ni matsala. Na ji kowace kalma tas. Ta ce tsarin yana biyan dubawa, da hoto, da wanki, da ciko, da cirewa. Ba ya biyan zinari, ba ya biyan dasa haƙori a ƙashi. Abin da zai iya biya shi ne haƙorin roba mai cirewa, shi ma sai an nemi izini an jira. Da na gaya mata ina da taro a gaba, har shawara ta ba ni: ta rubuta min magani ciwon ya lafa, a nemi izinin na roba, in taro ya wuce a cire wannan a sa wancan, ba wanda zai ga giɓi.

Kunnena ya ji duk wannan, amma abin da zuciyata ta ji shi ne "albarka". Na ce a raina, yarinya ta iya kasuwa, ta fara da roba don mu haɗu a zinari. Kuma kowane ɗan kasuwa ya san in an riga an yanka yadi, dole a daidaita. In ta cire, ai ba za ta bar dattijo kamar ni ya fita da rami a baki ba. Na ce a cire yau, sauran magana ma yi daga baya. Ta sake maimaita min sharaɗin a hankali, ta tambaye ni ko na gane. Na kashe wa Isuhu ido, na ce na gane sarai.

Aka cire.

Da auduga cike da baki, leɓe ya mutu ya saki, yawu yana bin haɓa yana sauka a kan aikin babbar riga, na gyara zama na buɗe ciniki. Na ce to, zinari nawa ne, na kawo kayana, aiki kawai za ta yi. Ta ce babu abin da za a ɗora shi a kai. Na ce a dasa. Ta ce tsarin ba ya biya. Na ce to na sauko, a yi min na azurfa. Na tambaye ta lafiyar iyayenta. Na zaro turare na ajiye a kan tebur. Ta yi godiya ta ce ba a yarda su karɓa ba. Na ce a kira min oga. Ta ce ba ita ta tsara ba, kuma duk ginin nan babu wanda zai iya canzawa.

Sai na fito da makamin ƙarshe, wanda bai taɓa ba ni kunya ba tun ina sayen yadi. Na miƙe, na kaɗe riga, na ce shi ke nan, na fasa. (Me na fasa? Haƙorin yana cikin faranti.) Na nufi ƙofa a hankali, ina jan ƙafa, kunnena a baya, ina jiran a ce "dawo, Alhaji". Na wuce ƙofa, shiru. Na wuce masu jiran layi, shiru. Na tsaya bakin lif ina gyaran hula da ba ta karkace ba. Can sai na ji takun gudu a bayana, ana kiran sunana. Na taɓa Isuhu na ce ta bakin auduga, "Ka gani ko? Sun sauko."

Nas ce. Ta miƙo min wata 'yar leda, da rigar zinarina a ciki. Ta ce na manta kayana.

Daga nan har ranar walima ban je majalisa ba. Na aika cewa mura nake. Ramin ya warke, amma in na yi magana iska tana fita ta wurin da wani ɗan fito, kamar butar shayi ta kusa tafasa. Maman Ummi ta ce ko dai in ba wani makirfo, ko in fita da giɓina kamar kowa, ai ba a kaina aka fara ba. Na ce mata ita ba ta san harkar jama'a ba. Na riga na yi dabara: na tauna cingam, na cusa a cikin rigar zinarin, na matse ta a tsakanin maƙwabtanta biyu. Na tsaya gaban madubi na yi sallama, na yi murmushi, na yi gyaran murya. Ta zauna daram. Ita dai ta dube ni ta ce Allah ya kiyaye, da irin muryar da ake yi wa mai tafiya a mota ba birki.

Ranar walima da azahar zaure ya cika maƙil. Likitoci, injiniyoyi, malaman jami'a, 'yan kasuwa, ga dangin ango da suka taso tun daga gida. Na karɓi makirfo, na yi sallama, zinari ya haska. Na hango 'yan majalisa suna zungurin juna. Har na ɗan karkata fuska wajen teburinsu don su more kallon aikin gwamnati. Kuskurena ɗaya: kafin in hau, an miƙo min shayi mai zafi, na kuwa shanye.

Na zo gabatar da babban teburi ke nan, na tsaya gaban wan mahaifin ango, wani dattijo mai farin gemu da ko tari ba ya yi sai da dalili. Na saki wani barkwanci a kan Katsinawa, kuma kamar yadda na saba, na riga kowa dariya. Da na buɗe baki na ce "ha", sai na ji sanyi ya ratsa wurin. Zinari ya tashi. Na gan shi da idona yana juyi a cikin hasken mai bidiyo, ya daki bakin faranti ya yi ƙara (makirfo kuwa ya kai ƙarar har bayan zaure), ya yi tsalle ɗaya, ya nutse a cikin kofin zoɓon dattijon.

Zaure ya yi tsit. Ni kuma ina tsaye baki buɗe, don dariyar ba ta gama fita ba, rami yana kallon jama'a, jama'a suna kallon rami. Dattijo ya leƙa kofinsa. Ya ɗauki cokali, ya laluba a nutse, ya tsamo shi, ga zaren cingam yana reto. Ya miƙo min cokalin da hannu biyu ya ce, "Alhaji, ga ajiyarka."

Wata yarinya ce ta fara dariya, daga teburin yara. Daga nan kuma sai zaure ya rushe. Na ga babban likita yana dukan tebur, na ga amarya ta cusa fuska a mayafi kafaɗunta suna rawa. Maman Ummi kawai na nema ban gani ba. Daga baya na ji wai ta shige kicin tana taya masu rabon abinci, ta ce musu ita 'yar gayya ce. Sauran taron da hannu a baki na ƙarasa shi, kamar sabuwar amarya gaban surukai. Bidiyon kuwa har gida ya je. Akwai wanda ya bugo min waya daga Kano, ba gaisuwa, sai dariya, ya kashe.

Satin da ya biyo baya na koma asibitin, ba babbar riga, ba turare. Na ce wa likitar a nemo min izinin na robar nan. Ba ta ce ai na gaya maka ba, abin da ya fi min ciwo ke nan. Na bi layi, na jira, aka sa min, kuma gwamnati ta biya kamar yadda ta ce tun farko, ba ragi ba ƙari. Abin da na koya shi ne a nan in an karanta maka abin da tsari yake biya da wanda ba ya biya, ba tayi ake jira ka yi ba. Kuma in za ka yi fushin ɗan kasuwa ka fita, ka tabbata kayan ba a bakinka aka ciro su ba.

Isuhu dai ya adana tasa maganar sai a waje. Sai da muka fito wajen ajiye motoci, ya buɗe min ƙofa da ladabi, ya bari na zauna na ɗaura bel. Sannan ya leƙo, ya washe min jajayen haƙoransa na goro, ya ce, "Bakano, ni da aka ce ban cancanta ba, ga nawa nan cif a bakina. Kai da ka cancanta, a cokali aka miƙo maka naka."