Maganin Malam Ya Iso, Malam Bai Jira Ba

Ina tsakar gida ina shanya wanki wayata ta yi ƙara. Wata yarinya mai sanyin murya ta ce daga asibiti ne, maganin maigidana ya iso. Har an zaɓe shi ya yi jawabin godiya a gaban manya, don haka ya sa kaya masu kyau.

Na ce, "'Yata, farare ya sa, kuma ba zai cire ba. Tun damina aka kai shi makwancinsa."

Ta ce, "To Mama, ko akwai mai wakiltarsa?"

Jama'a, ban yi boko mai nisa ba, abin da na riƙe a ka nake rubuta muku. Ciwon Malam tari ne, amma ba tarin fuka ba. Likita ya ce ɗan'uwansa ne, cikin ruwa da ƙasa yake zama, ba a cika ɗaukarsa daga mutum ba. Maganinsa iri uku ne, a haɗe ake sha fiye da shekara, in aka bar ɗaya cutar ta yi taurin kai. Mu kuwa kullum muka je tagar magani, biyu ake miƙo mana. Na ukun "yana hanya". Malam yakan ce da ƙafa maganin nan yake tahowa, kuma da alama gurgu ne.

Ashe yana cikin sito a kulle, ana jiran Mai Girma Sarkin Almakashi ya samu sararin zuwa yanke ƙyalle. Allah ya ƙara masa lafiya, ayyuka sun yi masa yawa. Ko famfo ba ya kawo ruwa sai ya zo sun yi hoto tare.

Na zari mayafi na nufi gidan Mai Ɗinki, wadda muka saba a layin asibiti. Ciwonsu ɗaya da Malam, ita ma na ukun take jira, ta rame har ba ta iya taka keken ɗinki.

Da na gaya mata, ta ce, "Yaya, ni aka gayyata?"

"Malam aka gayyata. Ke ce wakiliya. Tashi."

Mun tarar an shafa wa asibiti fenti, an kai marasa lafiya can baya kada su ɓata taro. Mai kula da sito ya ce yau ba rabo, nuni kawai za a yi, rabo sai kwamiti ya zauna. Aka dai ajiye mu a sahun gaba.

Mai Girma yana tsakiyar lissafa alherinsa tari ya sarƙe Mai Ɗinki, irin mai fitowa daga ƙasan ciki. Ya ja da baya, ya toshe hanci da hankici.

"Wannan ba tarin fuka ba ne kuwa?"

Likita ya duƙar da kai yana nazarin takalminsa. Ni kuwa ban yi ƙarya ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗan'uwansa ne. Shi ya kashe mijina. Matso ku gaisa, ga mai hoto yana jira."

Ban taɓa ganin kwamiti ya zauna da sauri haka ba. Kafin in gyara mayafi an buɗe sito, likita ya rubuta, an cika mana leda, an raka mu har bakin titi. Na waiga na hango na bayan nan sun fito sun ja layi, ƙyallen kuma yana nan ba a yanke ba.

Yanzu Mai Ɗinki ta fara kumatu, ta koma kan kekenta, sai mita take wai magani na tayar mata da zuciya. In Mai Girma na da wani sito a kulle, a hanzarta gayyatarmu, don tarin nata ya fara lafawa.

Kowace safiya nakan je da kofin ruwa in tsaya a kanta har ta haɗiye. Wani lokaci sai in ji bakina ya ce, "Malam, buɗe baki in gani." Ba ta gyara mini. Buɗewa kawai take yi.